Waiwaye: Kafin a Ce a Sauke Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Madalla bayan sallar asuba ya san ayarin da nake nufi. Motoci ne jere reras daga Suleja, daga Gauraka, daga Tafa da Sabon Wuse, kowa ya nufi Zuba zai shige Abuja neman na tuwo. Golf 3 ce, Sharan ce, tsofaffin Mazda da Corolla ne, sai bas-bas ɗin Hiace cike maƙil. Da wuya ka ga wadda aka saya sabuwa fil a cikinsu. Yawancinsu sun ƙare ƙuruciyarsu a titunan Jamus da Beljiyam da Amurka kafin su hau jirgin ruwa, suka zo nan suka tarar da lodi da ƙura da cunkoso. In ka bar kallon fenti ka dubi bakin salansa, kowace za ta gaya maka abin da ke damunta. Baƙin hayaƙi, fetur ne ya yi yawa bai gama ƙonewa ba. Shuɗi-shuɗi, inji ne ke shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko mota ta ɗumama, ruwa ne ya sami hanya ya shiga inda wuta take.

Mai irin wannan mota in ya kai ta gareji ya san amsar da zai ji tun kafin a ɗaga bonet: "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, a sauke shi kawai a ɗora Beljiyam." Shekaru da yawa wannan shawara ba ta da laifi in aka yi lissafin aljihu. Ka aika Zuba ko Apo, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a kawo tsohon injin Turai, kafin magariba an ɗaure shi, gobe mota tana kan hanya. Amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, lissafin ya rikice. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ake saukewa a tashar ruwa kuma ya bi sahunta. Direban da ke fama da balas ɗin yau ina zai ga kuɗin inji sukutum? Dole ta sa mutane sun koma tambayar da iyayenmu suke yi: wai wannan ɗin ba zai gyaru ba?

Sau da yawa zai gyaru. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya san yadda ake yi, shi ya sa kwanan nan nake yawan tuna wani aiki da aka yi a gabana a tsakiyar shekarun 1990.

A wancan zamani in an ce mota a arewa, Peugeot ake nufi. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri cikin Kaduna a 1975, 504 kuma ta zama motar kowa: ta kwamishina, ta alƙali, ta ɗan kasuwa, ta haya. A Faransa an daina ƙera salun ɗinta tun 1983, mu kuwa Kaduna ta ci gaba da fito mana da ita har tsakiyar shekarun 2000. Suleja a lokacin tana tsakiyar cika. Tun da aka yanke a 1976 cewa za a gina sabon babban birni a gefenmu, garin ya zama masaukin magina da leburori da ƙananan ma'aikata, da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 sai abin ya ninka. Kowa na bukatar abin hawa, amma tun da tsarin SAP na 1986 ya karya naira sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Mai tsohuwa sai ya rungume abarsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗannan. Ya yi tuƙi a wata ma'aikata, da ya ajiye aiki ya sayi 504 wagon mai kujera layi uku a gwanjo, yana jigila tsakanin Suleja da Kaduna, wani lokaci Minna. Agogon kilomitarta ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya san iyakar abin da ta ci na hanya. Wata rana cikin hunturu ta yi zafi a wajen Jere, ta tafasa, ya tsaya ta huce, ya lallaɓo da ita gida. Tun daga nan kullum safiya sai an ƙara mata ruwa, in an tayar da ita sai ta yi ta karkarwa kafin ta daidaita, in ka buɗe murfin lagireto da sanyin safiya ka ga kumfa yana tasowa ɗaya bayan ɗaya. A garejin da ya kai ta aka ce a sauke inji gaba ɗaya, a canza ringi da metal da komai, aka yanka masa kuɗin da ko ya sayar da akuyoyin gidan ba za su kai ba. Ya dawo ya shigar da motar ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa a Kurmin Sarki, ya ce shi zai buɗe ta.

Kawu bai taɓa zama bakanike ba. Amma direbobin zamaninsu ba a miƙa musu sitiyari sai sun yi shekaru suna karen mota, sun kwana ƙarƙashin gingimari a daji, sun san sunan kowane ƙarfe. Ni kuwa ina hutun makaranta, aka ce ni ne mai miƙo sifana.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yinin farko bai kwance komai ba sai fulogi. Ya ciro guda huɗun ya jera su kan dakali yadda suke a inji. Na farko da na ƙarshe suna da ƙasa-ƙasan toka irin ta fulogin da ke aikinsa, ɗaya daga cikin na tsakiya kuwa fes yake, tururin ruwa ya wanke shi tas. Sai ya aike ni wajen wani dattijon bakanike da ya yi aiki shekaru a Kaduna, na aro agogon auna ƙarfin silinda. Ana cusa shi a ramin fulogi, a murza makulli, allura ta hau. Silinda biyu na gefe suka ba da ƙarfi daidai da juna, biyun tsakiya suka faɗi ƙasa tare. Ya ce in kawo cokali. Ya zuba baƙin mai cokali guda a kowane rami na tsakiya, ya sake aunawa. Allura ba ta ƙara komai ba.

"Ka gani, yaro?" in ji shi. "Da ringi ne suka mutu, man nan zai toshe musu kafa na ɗan lokaci, ƙarfi ya hau. Bai hau ba. Ƙasa lafiyarta ƙalau, ciwon yana sama."

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba: kashi biyu ne. Ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka da ringinsa yana juya karanshaf. Sama akwai abin da kanikawa ke kira top silinda, mai ɗauke da bawul da fulogi da hanyoyin da fetur ke shiga hayaƙi ke fita. Tsakaninsu akwai gasket, siririn faifai wanda shi kaɗai ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Aikin ƙasa galibi sai an ɗaga inji da sarƙa. Aikin sama kuwa inji yana zaune a mazauninsa ake yi, shi ya sa mai haƙuri zai iya yin sa a ƙofar gida. Da cokalin mai guda Kawu ya raba aikin da ya wajaba da wanda bai wajaba ba, kuma fiye da rabin kuɗin da aka yanka masa a nan ya zube.

Washegari, da injin ya kwana ya yi sanyi ƙalau, ya cire kan batir, ya juye ruwa, ya sa motar firi ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya sa na nemo kwalin sabulu, ya huda masa ramuka takwas ya rubuta lamba a jikin kowane. Duk sandar tura bawul da ya zaro sai ya soke ta a raminta. Na tambaye shi ko ba duk iri ɗaya ba ne. Ya ce ranar da suka fito daga Kakuri iri ɗaya ne, amma yanzu kowace ta cinye daidai da abokin zamanta, in ka sauya mata wuri sai su fara sabon ci. Notunan top guda goma bai kwance ko ɗaya gaba ɗaya ba. Daga na bakin gefe ya fara, yana sassauta kowane kaɗan, yana zagayowa zuwa tsakiya, ya sake komawa, don kada ƙarfen ya saki ta gefe guda ya karkace.

A nan ne injin 504 yake da wani hali da ya sha kunyata masu gaggawa. Silibin da fistin ke gudu a ciki ba a haɗe yake da bulok ba. Kowane a tsaye yake shi kaɗai, ruwa yana kewaye da shi, akwai abin toshiya a gindinsa, kuma nauyin top ɗin ne ke danne shi. In ka cicciɓi top ɗin sama kai tsaye, tsohon gasket zai iya manne wa silibi ya ɗago shi, toshiyar gindin ta tsage, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Shi ke nan aikin sama ya zama na sauke inji. Don haka Kawu girgiza shi ya yi gefe-gefe, a hankali, har gasket ya saki, sannan muka ɗauke shi mu biyu muka ɗora kan katako. Nan take ya sa manyan washa da guntayen bututu ya mayar da wasu notuna ya danne bakin kowane silibi. Ya juyo ya ce, "Ko da wasa kada ka bari wani ya sa motar nan a giya ya tura. Fistin ɗaya ya motsa kafin mu rufe, mun shiga uku." Ya toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta, ya karɓi tsohon zane a cikin gida ya lulluɓe injin saboda ƙurar hunturu.

Tsohon gasket ɗin kuwa ga shi ƙiri-ƙiri, siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu na tsakiya ya ƙone ya ɓalle, ɓarnar ta kai har ramin ruwa. Maƙwabta da suka taru kallo suka ce to ai ga ɓarawon nan, a sayo sabo a ɗora, gobe a yi lodi. Kawu ya girgiza kai. Ya ce gasket ba ya ƙonewa haka siddan, akwai abin da ya sa shi gaba.

Ya kankare fuskar top ɗin tas, ya ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfen awo, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Ya fito da fila-geji, wato 'yan siraran reza-reza na ƙarfe da aka rubuta kaurin kowace a jikinta, yana gwada zura su ƙarƙashin ƙarfen. A gefe ba wadda ta shiga. A tsakiya kuwa sai ga ta ta wuce salin-alin. Top ɗin ya lanƙwashe. Dalili shi ne na alminiyam ne, bulok kuwa na baƙin ƙarfe, alminiyam kuma in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ranar da motar ta tafasa a Jere ya nemi ya miƙe, notuna suka riƙe shi, da ya huce bai koma yadda yake ba. Kamfanoni da yawa iyakar karkatar da suke yarda da ita a irin wannan top ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ba idon da zai gan ta, ba tafin hannun da zai ji ta. Da an bi ta maƙwabta, sabon gasket ɗin zai yi 'yan makonni ne ya bi hanyar tsohon, a ce kayan yanzu ba su da kyau.

Ya naɗe top ɗin a buhu ya bi motar wani abokinsa zuwa Kaduna wajen masu injin fesin, waɗanda ke aske fuskar ƙarfe ta koma daidai. Ya ce ya tsaya a kansu, aka fara gwada shi ko ya tsage, sannan ya roƙi a ɗebe mafi ƙanƙantar abin da zai wadatar. Duk askin da aka yi wa top yana rage ɗakin da fetur ke ƙonewa, matsi ya ƙaru, inji ya fara ƙaran-ƙaran in an taka totur a hawa, kuma kowane top yana da kaurin da in ya gaza shi sai bola.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma har yau tafin hannuna bai manta ba, shi ne wasa bawul. Guda takwas ne, huɗu na shigar da fetur, huɗu na fitar da hayaƙi. Kawu ya matse sifirin ɗinsu ya ciro su, su ma kowane da raminsa a wani kwalin. Ya kankare baƙin da ya daskare musu, ya mayar da kowane a hanyarsa yana kaɗa shi da yatsa ya ji ko yana lilo. Biyu na hayaƙi bakinsu ya ƙone ya yi zago-zago, aka sayo sababbi. Sauran sai wasawa. Ana shafa wani man gurza mai tsakuwa-tsakuwa a leɓen bawul, a mayar da shi mazauninsa, a manna masa sanda mai roba a kai, a riƙa murza sandar tsakanin tafuka biyu kamar yadda mace ke burga miyar kuka da maburgi. Ka murza, ka ɗaga, ka ɗan juya shi, ka sake saukewa. Da farko ƙara ce mai gurzar kunne, garas-garas. A hankali sai ta yi laushi. Kawu ba ya ma dubawa, yana can yana wanke notuna zai ce, "Ɗaga haka nan, yaro, ya isa da mai kaushin, sa mai laushin." Da kunne yake ji. In an goge sai ka ga wani zobe mai ruwan toka ya zagaye leɓen bawul ɗin ba yankewa, irinsa kuma a mazaunin. Daga nan sai wanki da kananzir, wanki bayan wanki, don ƙwayar man gurzan nan ko ɗaya ta rage za ta shiga inji ta ci gaba da aikinta a inda ba a aike ta ba.

Da aka mayar da sifirin da sababbin robobin mai, bai yarda da idonsa ba. Ya kifar da top ɗin ya ɗaura fulogi, ya cika kowane ɗaki da kananzir, ya ce mu tafi masallaci. Da muka dawo daga la'asar ya haska tocila cikin hanyoyin. Bakwai a bushe, ɗaya ya jiƙe. Ya sake kwance wannan ɗin aka koma murza.

Wajen sayen gasket ma tun a lokacin kasuwa iri biyu ce. Ya tafi da tsohon a hannu, ya ɗora shi kan sabon yana duba kowane ramin ruwa da na mai ko sun hau juna, ya sayi mai tsadar. Bai shafa masa gam ba, duk da masu cewa a shafa don ya ƙara kamawa. Ya ce fuska biyu in sun miƙe ba sa bukatar gam, in ba su miƙe ba gam ba zai cece su ba. Ya naɗa tsumma a waya ya tsane ramin kowane noti a jikin bulok, domin ruwa ko mai in ya kwanta a gindin ramin, noti zai yi kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba, wani lokaci ma matsin ya tsaga bulok.

Sifanar awo kuwa dattijon nan ba ya ba da aronta. Da kansa ya zo da ita naɗe cikin ƙyalle. Kawu ya tare shi, "Sannu da zuwa, Baba, mun ɗora maka wahala." Ya ce, "Ba komai, Malam, in dai za a yi shi yadda ya kamata." Daga notin tsakiya ya fara yana zagayawa waje, zagayen farko da ɗan ƙarfi kaɗan, na biyu ya ƙara, har ya kai adadin da kamfani ya rubuta, duk goman ƙarfinsu ɗaya. Na sha ganin inda ake zura bututu a sifana, ƙato ya rataya a kai har sai noti ya yi ƙara. Wannan ɗauri wani noti ya wuce kima, wani bai kai ba, top ɗin da aka biya kuɗi aka miƙar tun a ranar ya fara karkacewa. Sannan Baba ya saita tazarar bawul da geji, injin yana sanyi: milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na hayaƙi, domin na hayaƙi ya fi shan zafi, ya fi miƙewa.

Na ɗauka za a murza makulli ke nan. Kawu ya ce saura babban, wato abin da ya sa ta tafasa tun farko. Aka kai lagireto wajen masu wanke shi, suka buɗe suka tarar kusan rabin hanyoyinsa sun toshe da tsatsa da farin dattin ruwan rijiya. Robar murfinsa ta mutu. Gidan tamostat kuwa wayam, wani ya cire tun kafin motar ta zo hannunsa. Ya sayo sabo ya sa, aka yi ta yi masa tsiya wai wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Har yau wannan magana tana nan a garejojinmu, kuma ina ganin ta kashe injuna fiye da mugun titi. Tamostat yana tsare ruwa ne har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. In babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha fetur, ya cinye kansa, kuma cire shi ba ya buɗe lagireton da ya toshe, sai dai ya ɓoye ciwon zuwa ranar da za a shiga cunkoso da rana tsaka. Murfin lagireto mai lafiya shi ma yana riƙe matsi, ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ruwan kulan da mutane ke ganin almubazzaranci ne kuwa, maganin tsatsar da ke cikinsa ne ke hana alminiyam zagwanyewa.

Aka canza baƙin mai da filta, aka tayar da ita, ta kama. Bayan ta yi kamar kilomita 1,000 ya koma wajen Baba aka sake bin notunan aka sake saita bawul. Ta yi masa shekaru tana Kaduna tana dawowa ba a sake buɗe kanta ba.

Da na girma na fara biyan kuɗin gyara da aljihuna ne na gane abin da na gani a ƙofar gidan nan. Kayan da Kawu ya saya ba su taka kara sun karya ba: gasket, bawul biyu, robobi, tamostat, murfi. Abin da ya zuba da yawa shi ne awo. Bai cire komai ba sai da ya auna, bai sayi komai ba sai da awo ya ce a saya, bai rufe ba sai da ya gwada, bai kuma tsaya a abin da ya lalace ba sai da ya bi sawun abin da ya lalata shi. Wannan ɗabi'a ce shekarun arhar injin Beljiyam suka raba mu da ita. Akwai samari yau da aka yaye su a gareji, sun iya sauke inji su ɗora wani cikin yini guda, amma ba su taɓa wasa bawul ba, ba su taɓa riƙe fila-geji ba. Ban ga laifinsu ba, abin da kasuwa ta nema suka koya. Mu masu motoci ne muke son a ba mu mota yau-yau. Mu ne za mu ƙirga dubbai mu ba mai kayan gyara ba gardama, amma in bakanike ya ce a biya shi ladan yinin da ya yi yana aune-aune sai mu ce ai bai canza komai ba. Wanda ba a biya ya yi tunani ba, me zai sa ya sayi agogon awo? Shi kansa injin Beljiyam ɗin cinikin biri a sama ne. Ba ka san kilomita nawa ya ci ba, ba ka san sau nawa ya tafasa ba, garantin 'yan kwanaki ne a kansa.

Ba ina cewa kowa ya ɗauki sifana ya hau kan motarsa ba ne. Injunan da ke kan titi yanzu ba su da yafiyar 504. A Golf da Corolla da ire-irensu kamshaf yana saman top, bel ko sarƙa ke juya shi, kuma a da yawansu in taimin ya goce da 'yan haƙora fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi tun a murzawar farko. Notunan top na yawancinsu irin masu miƙewa ne, ana ɗaure su da awo sannan a ƙara musu juyi na digiri kaza, ba a kuma so a maimaita su. Gasket ɗinsu na fallayen ƙarfe ne, yana son fuska mai santsi ƙwarai, ba wadda aka goge da samfefa a hannu ba. Fesin, da gwajin tsagewa, da canza mazaunin bawul, duk aikin masu inji ne. Sai dai mai gyara na yau yana da abin da Kawu bai samu ba: littafin kamfani na kusan kowace mota yana intanet, da adadin ɗaurin kowane noti, ana buɗe shi a waya.

Akwai kuma injin da aikin sama ba zai yi masa komai ba. In an zuba cokalin mai allura ta yi tsalle, in bututun numfashin inji yana feso hayaƙi, in fitilar mai tana ƙyaftawa idan mota ta yi zafi tana tsaye, in ana jin bugu daga ƙasa, to ƙasan ta gama. Ka gyara saman irin wannan, bawul su toshe da kyau, matsi ya dawo, sai ringin da suka gaji su ƙara sakin mai, kuɗinka ya tafi a banza. Gaskiyar da ta ce wa Kawu kada ya sauke inji ita ce za ta ce wa wani ya sauke. Wanda kuma ya yi aikin a gida, don Allah baƙin man da ya juye kada ya tuttular a kwata, damina na zuwa kogin Iku zai gangara.

Abin da ya sa nake ganin wannan sana'a za ta dawo ko muna so ko ba ma so shi ne gas. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CNG a 2023, 'yan haya da yawa masu bin hanyar Abuja sun sa tukunya a but, kuma sauƙin da suke samu na gaske ne. Amma gas a bushe yake ƙonewa. Fetur in yana shiga yakan ɗan sanyaya bawul, ya bar wani ɗan shafi a mazauninsa da ke rage karo. A injin da ba don gas aka ƙera shi ba, mazaunin yakan cinye da sauri, bawul ya riƙa nutsewa ciki, tazarar nan da Baba ya saita da geji ta matse, har ya kai bawul ba ya rufuwa sosai, wuta ta bi ta gefensa ta ƙone shi. Mota ba ta yin ƙara a wannan hali, shiru ma take ƙarawa, sai dai direba ya ji ƙarfi yana raguwa, tana wuyar tashi da safe. Nan da 'yan shekaru top silinda masu yawa za su bukaci a buɗe su a garin nan.

Kafin wannan lokaci ya zo, rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA za su iya haɗa kuɗi su ajiye sifanar awo da agogon matsi da ƙarfen awo a kowane rukunin gareji, su kuma nemo dattawan da suka rage daga zamanin Peugeot su zaunar da yara a gabansu tun suna da sauran ƙarfi. Direban da ya koma gas kuwa, in motarsa irin wadda ake saita bawul ɗinta ce, ranar sabis ya bar ta ta kwana a gareji ta huce, da safe a buɗe murfin bawul a zura geji a gabansa, a rubuta masa tazarar kowane ɗaya a takarda ya adana, don in ya dawo sabis na gaba a ga wanda ya fara matsewa.